Kajiji da aya-aya: ina amfaninsu ya tsaya wajen magani?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da wata tambaya da ta tsaya mini a rai kwana biyu, kuma na san a cikinmu akwai masana itatuwa, akwai ma'aikatan lafiya. Uwar mijina ta zo mana daga ƙauye da ƙullin kajiji, ta ce in riƙa jiƙa kaɗan ina sha saboda kumburin cikin da nake fama da shi tun da na haihu wata huɗu da suka wuce, sauran kuma in riƙa turara ɗaki. Wannan bai dame ni ba, domin mun taso mun ga iyayenmu mata suna yi. Damuwata tana kan ɗana mai shekara uku, wanda zazzaɓi mai zafi ya kama a makon jiya har ya yi jijjiga, idanunsa suka kafe na ɗan lokaci. Mun kai shi asibiti, aka auna jininsa aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi magani, kuma alhamdulillahi ya warware. Yanzu Inna ta ce idan abin ya sake tasowa kada mu yi gaggawar zuwa asibiti, a turara masa kajiji a ɗura masa ruwan jiƙonsa, wai haka ta yi wa mahaifinsa yana yaro. Ba na son in saɓa mata, amma hankalina bai kwanta ba. Sannan da na kwance ƙullin na ga iri biyu ne a ciki: wasu manya ne jajaye-jajaye masu ƙamshi sosai, wasu kuma ƙanana baƙaƙe masu ɗaci. Duk kajiji ne?

Hajiya Falmata:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raya, ya ƙara wa yaron lafiya. Ni sana'ata haɗa turaren wuta da humra a nan Maiduguri, kuma na fi shekara ashirin ina taɓa kajiji da hannuna. Manyan nan masu ƙamshi su ne kajiji na gaskiya. Mukan wanke su, mu shanya su bushe ƙayau, mu daka, sannan su shiga haɗi tare da sandal da hawi da farce, kuma su ne suke riƙe ƙamshin turare a jikin tufafi ya daɗe bai fita ba. Ƙananan baƙaƙen da kika gani aya-aya ce. Masu sayarwa a kasuwa sukan cakuɗa su, wani don rashin sani, wani don ya ƙara auki, tunda aya-aya ba ta da wuyar samu. Batun shan jiƙon kajiji don kumburin ciki da tashin zuciya kuwa, mu ma muna yi, ƙwaya biyu ko uku a cikin kofin ruwan zafi. Maganar yaro zan bar wa waɗanda suka fi ni sani.

Malam Isuhu:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Ni manomi ne a fadamar Haɗejiya, kuma duk wanda ya taɓa noman rani ya san bambancin waɗannan ciyayi biyu ko da idonsa a rufe. Kajiji a bakin ruwa yake fitowa, inda ƙasa ba ta bushewa, kararsa doguwa ce zagayayyiya wadda takan kai tsayin mutum, ba ta da ganye, kuma idan ta bushe za ka ga kamar gaɓoɓi a jikinta. Har tabarma ana saƙawa da ita. Aya-aya kuwa gajeriya ce, kararta kusurwa uku gare ta, kuma ita ce babbar abokiyar gabar mai albasa da mai tumatir. Ka nome ta yau, kafin mako ya zagayo ta sake tsirowa, domin 'ya'yanta a jere suke a ƙarƙashin ƙasa, wata siririyar saiwa tana haɗa su kamar carbi, kuma kowace ƙwaya da fartanya ta bari sabuwar ciyawa ce.

Ina so in ja hankalin jama'a kan wani abu da ba a cika lura da shi ba. Saboda wahalar da take ba mu, yanzu manoma da yawa maganin feshi suke zuba mata. Yara kuma sukan bi gonakin su tono 'ya'yan su kai kasuwa. Wanda ya saya ya jiƙa ya sha bai san daga wace gona aka tono ba, balle ya san yaushe aka yi mata feshi.

Malam Nasiru:
Na gode wa Malam Isuhu, domin bayaninsa ya yi daidai da abin da muke koyarwa a aji. Ina koyar da ilimin tsirrai, kuma zan ɗan tsawaita, a yi mini haƙuri. Tsirrai uku ne 'yan gida ɗaya da sunayensu suke rikita mutane. Akwai aya wadda muke ci muke yin kunu da ita, wadda masana suke kira Cyperus esculentus. Akwai aya-aya, Cyperus rotundus. Akwai kajiji, Cyperus articulatus. Wani likita ɗan Birtaniya mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar Hausa, ya tattara sunayen tsirranmu na Hausa ya buga a shekarar 1916, kuma tun daga lokacin ake ƙoƙarin daidaita sunan da mutanen gari suke faɗa da tsiron da ake nufi. Wahalar ita ce suna yakan sauya daga gari zuwa gari, har wani wurin a kira duk wata saiwar ciyawa mai ƙamshi da kajiji.

Aya-aya da manomi yake ƙi tana da dogon tarihi a wajen masu magani. Larabawa suna kiranta su'ud, kuma Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya ambace ta a cikin babban littafinsa na likitanci. Mutanen Indiya suna kiranta musta, suna ba da ita don zawo da zazzaɓi da rashin narkewar abinci. A maganin gargajiyar ƙasar Sin sunanta shiyang fu, kuma an fi ba mata ita saboda ciwon mara da rikicewar al'ada. Abin lura a nan shi ne al'ummomin da ba su haɗa harshe ko addini ba sun dace a kan cewa wannan saiwa tana taɓa ciki da mara. Wannan dacewar ba hujja ce ta ƙarshe ba, amma ta isa ta sa mai bincike ya tsaya ya duba. A ɗaya ɓangaren kuma, masana noma da suka jera ciyayin da suka fi cutar da amfanin gona a duniya a shekarar 1977 ita suka sa a farko, domin an same ta tana addabar manoma a ƙasashe fiye da 90.

Malam Tijjani:
Ni a Sudan aka haife ni, kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso kan hanyar aikin hajji suka zauna a can. Su'ud da Malam Nasiru ya ambata sananniya ce a wajenmu, manoman yankin Jazira na Sudan suna kuka da ita kamar yadda Malam Isuhu yake kuka, mata kuma suna sa ta a kayan ƙamshi. Akwai wani bincike da aka fitar a shekarar 2014 game da wata tsohuwar maƙabarta da ake kira Al-Khiday, kusa da kogin Farin Nilu, kudu da Khartum. Masana sun kankare dattin da ya daskare a haƙoran mutanen da aka binne a wurin, suka gano cewa sun riƙa cin 'ya'yan wannan ciyawa tun fiye da shekara 7,000 da suka wuce. Sun kuma lura cewa wani rukuni na mutanen ba su da ruɓewar haƙori sosai, suka ce mai yiwuwa akwai alaƙa, domin an gwada a ɗakin bincike an ga saiwar tana hana ƙwayar cutar da ke ruɓar da haƙori yaɗuwa. Kakata takan tauna ƙwaya ɗaya don warin baki, kuma da na karanta wannan labari ita na fara tunawa.

Malam Garba Mai Magani:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na ji daɗi da 'yan boko suka fara yarda da abin da iyayenmu suka sani tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar nan. Ni gadon wannan sana'a na yi daga mahaifina, shi ma daga nasa. Kajiji a wajenmu yana maganin murɗar ciki, da tsutsar ciki, da tari, da ciwon kai mai nauyi. Mukan haɗa shi da citta da kanumfari a dafa wa mai mura, mukan daka shi da ɗan ruwa a shafa a goshi, mai jego kuma a sa mata a ruwan wanka. Hayaƙinsa yana korar sauro, yana kuma sa wanda hankalinsa ya tashi ya samu natsuwa ya yi barci. Maganar jijjigar yara ma ba ƙarya surukarki ta yi ba, Maman Sadiq. Mahaifina ya yi wa yara da yawa turaren kajiji a gabana suka farfaɗo. Tsohuwar da ta raini mijinki har ya girma ya aure ki ba za ta so jikanta da sharri ba.

Sista Rakiya:
Baba Garba, ina girmama ka da sana'arka, kuma babu wanda ya ce Inna tana nufin jikanta da sharri. Amma a kan wannan magana guda ɗaya ba zan iya yin shiru ba, domin shekara goma sha biyu ke nan ina aiki a ɗakin yara, kuma na ga abin da jinkiri yake haifarwa. Yawancin jijjigar da zafin jiki yake kawo wa ƙananan yara takan tsaya da kanta cikin 'yan mintoci, ko an yi turare ko ba a yi ba. Shi ya sa duk abin da aka yi wa yaro a wannan lokacin sai a ga kamar shi ya yi aiki. Yaran da mahaifinka ya turara suka farfaɗo gaskiya ne sun farfaɗo, amma da yawansu za su farfaɗo ko da hannu kawai aka ɗora musu. Matsalar tana wajen sauran, waɗanda jijjigarsu alama ce ta zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko sukarin jini da ya faɗi ƙasa. Waɗannan babu hayaƙin da zai taɓa abin da ke cinsu, kuma a gida ba a iya bambance su da na farkon.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗura. Yaron da yake jijjiga ba ya iya haɗiya, ruwan da aka zuba masa a baki huhunsa yake tafiya. Na karɓi yara da aka kawo bayan jijjigar ta wuce, amma numfashinsu ya lalace saboda abin da aka ɗura musu. Maman Sadiq, idan Allah ya sa abin ya sake faruwa, ki kwantar da shi a gefensa, ki sassauta masa tufafi, kada ki sa masa cokali ko yatsa ko ruwa a baki, kada a rufe shi a ɗaki da hayaƙi. Idan jijjigar ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta tsaya ta sake dawowa, ko ya kasa farkawa sosai, wannan gaggawa ce ta rai. Ko da ta tsaya da wuri ma, a kai shi a duba musabbabin zazzaɓin a ranar.

Malam Garba Mai Magani:
'Yata Rakiya, na ji bayaninki. Batun ɗura na yarda da ke ɗari bisa ɗari, ni kaina ba na ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai, kuma ina hana matan da suke zuwa wajena. Amma ban yarda a ce kajiji ba ya yin komai ga jijjiga ba. Akwai masu farfaɗiya da na daɗe ina ba su, suna kuma dawowa su ce sun samu sauƙi. Ku a asibiti kuna ganin waɗanda abin ya ɓaci ne kawai, waɗanda suka warke a hannunmu ba sa zuwa wajenku balle ku ƙirga su. Sannan a tuna, akwai ƙauyukan da kafin a samu abin hawa a kai yaro asibiti rabin yini ya wuce. Mutumin da ke wannan hali me za a ce masa ya yi?

Malam Nasiru:
Malam Garba yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma adalci ne a faɗa. A ƙasar Kamaru masu maganin gargajiya suna ba da kajiji don farfaɗiya da ciwon kai, kuma wannan ne ya sa Farfesa Elisabeth Ngo Bum ta Jami'ar Ngaundere da abokan aikinta suka bincike shi. A sakamakon da suka buga a shekarar 2001 sun nuna cewa abin da suka tatso daga saiwar ya kare ɓeraye daga jijjigar da aka jawo musu da gangan, an kuma ga yana sa dabbobin barci. Ke nan natsuwar da Malam Garba ya ce hayaƙin yana kawowa, da amfanin da iyaye suka jingina masa, suna da tushen da ya cancanci a bi.

Sai dai a duba yadda aka yi gwajin. Da sinadari aka tatso maganin, aka auna shi daidai da nauyin kowane ɓera, aka ba shi kafin jijjigar ta zo. Wannan daban yake da jefa saiwa a garwashi bayan yaro ya riga ya sandare. Tsakanin ɓera da ɗan shekara uku kuma akwai tafiya mai nisa, wadda sai an gwada a jikin mutane, an san adadin da ke aiki da adadin da ke cutarwa, kafin a ce an kai. Ƙarfin saiwar ma ba ɗaya ba ne: wadda aka tono a bakin Tafkin Cadi da wadda aka tono a wata fadama, sabuwa da wadda ta shekara a buhu, man ƙamshin da ke cikinsu ya bambanta, kuma a cikin wannan man ne yawancin sinadaran suke. Akwai kuma wani abin tsoro da ke tattare da kyakkyawan sakamakon kansa. Abin da yake sa barci, idan aka ba yaron da ciwo ya riga ya galabaitar, yana iya ɓoye alamar da za ta nuna wa uwa cewa jikin yana ƙara tsanani.

Sista Rakiya:
Tambayar Baba Garba game da ƙauyuka masu nisa tambaya ce ta gaskiya, kuma ita ce take hana mu barci mu ma. Amsar da nake da ita ita ce a tare abin tun kafin ya kai ga jijjiga. Tun shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina a yankinmu na Sahel, kuma ana bi gida-gida ana rabawa kyauta a jihohin arewa da kuma Nijar. A karɓa, a ba yaro cikakke na kwana ukun, a kwana cikin gidan sauro. Idan jiki ya yi zafi a auna jini tun ranar farko, kada a jira kwana uku.

Game da masu farfaɗiya kuma, Baba, roƙona gare ka ɗaya ne. Hukumar ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu wannan ciwo za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan suka samu maganin da ya dace suka riƙe shi. Idan mai farfaɗiya ya zo wajenka yana shan maganin asibiti, don Allah kada ka ce ya ajiye. Dakatar da irin wannan magani farat ɗaya yana jawo jijjigar da ba ta yankewa, wadda takan kai ga rasa rai. Mutanen gari sun fi jin maganarka fiye da tamu, shi ya sa nake roƙonka kai tsaye.

Alhaji Abdu:
Ni daga Maraɗi nake, fataucin aya nake yi, kuma na ga an ambaci aya an wuce. A yankinmu, wajen Agiye da Gazawa, aya amfanin gona ce babba da ake nomawa a fitar da ita buhu-buhu zuwa Najeriya da wasu ƙasashe. Mutanen Balansiya a ƙasar Sifen ma suna yin wani abin sha da ita mai kama da kunun ayarmu. Ita abinci ce kafin ta zama magani. Tana da mai, tana da dusa mai sa bayan gida ya yi laushi, shi ya sa mai fama da taurin ciki yake jin daɗinta, masu shayarwa kuma suna shan kununta da dabino da kwakwa. Abin da nake so in faɗa shi ne kada wani ya ji ana yabon aya-aya ya ɗauka za a ci ta da yawa kamar aya. Sannan ayar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba takan yi fumfuna, wadda kuma ta yi fumfuna ba ta da wani amfani sai cuta, ko an wanke ta. Kunun aya ma idan ya wuni a zafi ba a sanyaya shi ba ya lalace, mai neman lafiyar ciki sai ya koma da zawo.

Hajiya Falmata:
Tunda an zo kan hayaƙi, bari in ƙara abin da na sani a sana'ata. Mu da muke haɗa turare ba ma rufe ƙofa da taga a kan jariri mu kunna kasko. Ana turara ɗaki ne yaro yana waje, hayaƙin ya lafa, sannan a shigo da shi. Mai asma kuma ko babba ne ba a matsa masa da shi. Na ga matan da suke cusa kan yaro cikin zane tare da kasko wai don maganin ya shige shi, kuma wannan ba al'adarmu ba ce, ganganci ne. Ga haɗarin garwashi, ga shaƙewa.

Malam Nasiru:
Akwai wani gargaɗi da ya kamata in haɗa da abin da na faɗa ɗazu game da Sin. Tunda a can an san aya-aya da motsa al'adar mata, mai juna biyu ta nisanci shan jiƙonta, haka ma na kajiji, musamman a watannin farko. Ƙamshin turare a tufafi wani abu ne, shan saiwar kullum wani abu ne daban. Mai shayarwa irin Maman Sadiq kuma, idan za ta sha, ya zama kaɗan ne na 'yan kwanaki, ta ware baƙaƙen ta ajiye gefe tunda ba ta san gonar da suka fito ba, ta kuma lura da jaririn, idan ya cika barci ko ya rage kama nono ta dakata. Kumburin cikin da ya kai wata huɗu ma ya isa a je a duba shi, domin a san ko iska ce kawai ko akwai wani abu.

Ga masu sayen garin kajiji da aka ƙulla a leda ko aka zuba a kwalba da dogon jerin cututtuka a jiki, su duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya. Su kuma sani cewa lambar da hukumar take fara ba maganin gargajiya tana nuna an duba ba shi da guba a yadda aka ce a sha, ba shaida ce cewa yana warkar da duk abin da aka lissafa ba. Muna da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu, Abuja, wadda ta taɓa fitar da maganin sikila daga tsirran gida bayan ta yi aiki tare da mai maganin gargajiya. Irin wannan haɗin gwiwa nake fatan a yi wa kajiji, kuma ba zai yiwu ba sai irin su Malam Garba sun buɗe abin da suka gada an rubuta shi da awo.

Malam Garba Mai Magani:
Malam Nasiru, a shirye nake, in dai za a zo da mutunci a kuma ambaci inda aka samo ilimin. Rakiya, na karɓi roƙonki, ba na cewa kowa ya bar maganin asibiti kuma ba zan fara ba. Amma ina nan kan bakana cewa kajiji yana da aiki a kan farfaɗiya, lokaci ne zai nuna. Game da zawo ma da aka ce Indiyawa suna ba da aya-aya, mu ma muna bayarwa, a dafa da ɗan jar kanwa.

Sista Rakiya:
Ga babba mai ɗan zawo na kwana ɗaya ba zan yi jayayya ba, Baba. Ga yaro kuwa, abin da ke kashewa shi ne ƙarewar ruwan jiki, don haka ruwan gishiri da sukari ne farko: ƙullin ORS guda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, tare da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da ba shi nono da abinci. Kanwa kam a bar ta daga cikin abin da za a ba ƙaramin yaro.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zauna na ware ƙullin kamar yadda Hajiya da Malam Nasiru suka ce, baƙaƙen sun kusa rabi. Jiya da daddare na karanta wa maigidana bayanin Sista Rakiya da na Baba Garba, musamman inda Baba da kansa ya ce ba ya ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa, domin na san wannan ce maganar da Inna za ta fi saurara, tunda daga bakin mai magani ta fito. Shi ne ya yi mata bayani da safe cikin ladabi. Ta ce ita dai a bar ta ta riƙa turara ɗakin yaran da yamma saboda sauro, muka ce mun yarda, za a yi kafin su shiga. Ta kuma yarda cewa idan jikinsa ya sake zafi asibiti za a fara nufa. Ranar Litinin zan je a duba nawa cikin. Hajiya Falmata, don Allah idan kin samu lokaci ki rubuto mana yadda ake wanke kajijin da shanya shi kafin a daka, domin wanda Inna ta kawo har yanzu da sauran laka a jikinsa.